TAKIN TALLAFI: WA KE RUBUTA SUNAYEN, WA KE KWASAR BUHUNAN?

'Yan uwa, musamman matasanmu na Kankara da Faskari da Sabuwa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, masu shanun huɗa sun fara fito da garma ana gyara, kuma kowa ya san abin da ke biye: za a fara maganar takin gwamnati. Tun makon jiya wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce "Shugaba, kar a manta da mu", wancan ya ce "Oga, bana ma ina ciki ko?" Abin da ya dame ni shi ne, a cikin masu kiran nan da wuya ka samu mutum ɗaya cikin biyar da zai iya nuna maka gonarsa. Shi ya sa na ga gara mu yi wannan maganar yanzu, tun motocin ba su iso ba. In an sauke kaya kuma babu mai sauraron wani.

Bari in fara da kaina, don kar a ce na tsallake nawa laifin na hango na wasu.

Bara wani dattijo ya same ni a ƙofar gida bayan sallar asuba. Mutumin wani ƙauye ne da ke yamma da Kankara, ɓarayin daji suka tashe su, yanzu yana raɓe a zauren wani ɗan uwansa a cikin gari shi da iyalinsa. Ya ce, "Ɗana, an ce kai ne shugaban matasa. An ce ana rubuta sunan masu taki. Ni ban san ƙofar da ake bi ba." Na ce, "Baba, in sha Allahu zan duba maka." Da na je na ga takardar sunayen rumfarmu, sai na ga tela, na ga mai cajin waya, na ga wani ma'aikaci da ke zaune a Katsina wanda rabonsa da riƙe fartanya tun yana firamare. Na kuma ga sunayen yarana biyu. Ni na sa su. An ba ni gurbi biyu a matsayina na shugaban matasa, na ba waɗanda suka yi mana wahala ranar zaɓe. Kafin la'asar ta ranar rabo duk su biyun sun sayar da buhunansu, ɗaya ya canza tayar babur, ɗaya ya biya bashin mai shago. Shi kuwa Baba, da ya shekara fiye da arba'in yana noman masara da dawa da auduga, na koma na ce masa ya yi haƙuri, gurbi ya cika. Ya ce, "Ba komai ɗana, Allah Ya yi albarka." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

To wannan ita ce maganar. Gwamnati tana fitar da kuɗi, ba za mu yi mata ƙarya ba. Amma tallafin noma ba gona yake bi ba, takarda yake bi. Wanda ya riƙe biro ranar rubuta sunaye shi ne ya raba takin, tun kafin a ɗora shi a mota.

Ba yau abin ya fara ba, kuma ba a garinmu kaɗai ba ne. A zamanin Jonathan, ministan noma na lokacin, Akinwumi Adesina, ya sha faɗi a bainar jama'a cewa kashi 11 cikin ɗari ne kawai na manoman ƙasar nan ke samun takin da gwamnati ta yi wa rangwame, sauran yana zirarewa ne ta hannun 'yan kwangila da dillalai. Shi ya sa a 2012 suka fito da tsarin nan na saƙon waya: a yi maka rajista, saƙo ya shigo, ka je wurin dillalin da aka tantance ka karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Gwamnatin ba tamu ba ce, amma gaskiya ɗaya ce, dattawa da yawa a yankin nan a lokacin ne suka fara ganin takin gwamnati ya zo da sunansu. Tsarin yana da nasa ramukan. Wani ba shi da waya, wani garinsu ba sabis, dillalan ma sun yi ta kukan ba a biya su ba. Daga baya ya bi ruwa.

Da muka karɓi mulki, marigayi shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamba 2015, ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Niyyar mai kyau ce. A haɗa ƙananan manoma rukuni-rukuni, a ba su iri da taki da maganin feshi a matsayin bashi, in kaka ta yi su biya da amfanin gona. A 2019 a nan Katsina aka yi bikin fara rabon irin auduga a ƙarƙashin shirin. Mu da muke maƙwabtaka da Funtuwa, mu da muka san abin da auduga ta taɓa yi wa Daudawa, mun yi murna ƙwarai.

Amma ku tuna yadda ake shiga. Sai kana cikin ƙungiya, sai shugaban ƙungiya ya sa ka a rukuni, sai kana da asusun banki da lambar BVN, sai ka cike fom, wani lokacin sai ka yi zirga-zirga sau uku sau huɗu. Manomin da ke bayan Gatakawa ko Ruwan Godiya ko Damari, yaushe zai bar gona ya yi wannan sintirin? Wanda ke da lokacin yinsa shi ne wanda ba ya zuwa gona. A nan aka haifi waɗanda muke kira manoman biro. Mutum ya tara katin shaidar matansa da ƙannensa da yaran shagonsa, ya zama rukuni shi kaɗai. A nuna wa masu dubawa gonar wani, a ɗauki hoto, a wuce.

Sakamakon kuma Babban Bankin da kansa ya faɗe shi. A watan Maris 2023 ya ce ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya a shirin, kuma abin da aka biya zuwa lokacin naira biliyan 503 ne. Aka yi ta cewa manoma sun ci bashi sun ƙi biya, manoman Arewa sun ɗauka rabon ganima ne. Akwai waɗanda suka yi hakan, ban musa ba. Amma ni tambayata: nawa ne cikin waɗanda suka ƙi biyan suka taɓa shuka ko kwano ɗaya? Sunan manomi ne ya ɓaci, alhali da yawa daga cikin masu cin ba manoma ba ne.

Wani abu kuma da ba zan manta ba. A watan Janairu 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja, aka nuna wa duniya. Makonni kaɗan kafin nan mu a nan ko waya ba ma iya yi. Tun Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Kankara da Faskari da Sabuwa, saboda matsalar tsaro, ba a dawo da su ba sai a Disamba. Duk wani tallafi da aka gina a kan saƙon waya da alat na banki, a waɗannan watannin mu ba ma cikin lissafi. Wanda ya zauna a ofis a Abuja ya tsara shiri, a ransa kowane manomi yana gidansa, wayarsa na kamawa, gonarsa na bayan gari. Mu ba haka muke ba, kuma mun daɗe da daina zama haka.

Yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara a Disamba 2020, yankin Kadisau, yankin Yargoje da aka yi wa kisan gilla a watan Yuni 2024, ba za a raba masa tallafi da ma'aunin da ake raba wa inda ake kwana da ido biyu rufe ba. Manominmu kafin ya sa iri a ƙasa a wasu wuraren sai ya biya 'yan bindiga kuɗin shiga gona, in amfani ya nuna ya sake biyan na girbi. Wani ya sayar da shanun huɗarsa ya biya kuɗin fansa. Zaman sulhun da aka yi ta yi a 2025 ya sa wasu sun fara leƙa gonakinsu, wasu har yanzu suna ɗari-ɗari, kuma ba mai ganin laifinsu. Wannan mutumin da ya dawo gona hannu rabbana, shi ne ya fi kowa buƙatar buhun nan. Shi ne kuma ya fi kowa nisa da biron.

Mu zo kan na yanzu. Taki ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, an tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500. Yau je ka kasuwa da naira dubu 30 ka ga ko za a kalle ka. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota da na feshi da na leburan gona duk sun tashi tare. A watan Maris 2024 Babban Banki ya miƙa wa ma'aikatar noma ta tarayya buhun taki miliyan 2.15 kyauta don a raba wa manoma. Kai mai karatu, a ƙauyenku wa ka sani da ya samu ko buhu ɗaya daga ciki? Rubuta mana a ƙasa, ina son in gani.

A matakin jiha, dole a yaba wa gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa a kan abu biyu. Ya sayo taki tan dubu 20 don sayarwa da rangwame, ya kuma nemi a sauko da rabon kusa da jama'a maimakon a jibge shi a hedikwata. Sannan an ɗauki malaman gona 722, wato biyu-biyu a mazaɓu 361 na jihar. Wannan aiki ne, ko maƙiyi ya san aiki ne.

Amma mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Tan dubu 20 buhu dubu 400 ke nan. Jihar Katsina tana da rumfunan zaɓe 6,652. In ka raba daidai, kowace rumfa za ta tashi da buhu 60 ko kusa da haka. Rumfa ɗaya kuwa tana iya ɗaukar mutum ɗari biyar, wata ta fi. Malamin gona zai gaya maka kadada ɗaya ta masara, in ana son ta yi kyau, tana cin kamfa buhu shida ko fiye, ban da yuriya. Ka ga ke nan ko mala'iku ne suka raba ba zai ishi kowa ba. To abin da bai isa ba, in aka ce kuma sai an fara cire na ciyaman ɗin jam'iyya, da na shugabar mata, da na shugaban matasa irina, da na mai gidan wane, da na yaron wane, me ya rage? Buhu goma da aka zare daga sittin ba ƙaramin abu ba ne. Magidanta goma ne aka mayar gida.

Ga kuma ramin da ya fi shafar mu, wanda na lura ba a cika maganarsa ba. Ana lissafin rabo ne da inda mutum ya yi rajistar zaɓe. To mutanen da aka tasa fa? Katin zaɓen Baba yana nuna ƙauyensu, amma shi yana cikin garin Kankara, yana noma 'yar gonar aro a bakin gari. Irinsa suna nan birjik a Kankara da Faskari da Funtuwa da Malumfashi. In ya je rumfar unguwar da yake zaune, a ce masa ai kai ba ɗan nan ba ne, je ka rumfarku. Rumfarsu kuwa kango ce, ba kowa sai ƙadangaru. Amma kason wannan rumfar yana fitowa, kuma wani yana sa hannu ya karɓa da sunan wakili. Ina buhunan ƙauyukan da ba kowa suke zuwa? Wannan tambayar ya kamata kowane kansila a ƙananan hukumomin nan uku ya iya amsa ta da takarda a hannu.

Sai matan da aka kashe wa mazaje. Suna noma, wasu da 'ya'yansu ƙanana, wasu su ba da gonar a raba amfani. Ba sa zuwa majalisa, ba sa zuwa ofishin jam'iyya, ba mai kiransu ranar rubutu. Duba takardar rumfarku ta bara ka ƙirga su.

Zan yi adalci a nan: ba 'yan siyasa kaɗai ke sayar da buhu ba. Manomi na gaskiya ma yakan sayar. Taki ya zo masa a tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, yara na kuka, ga dillali tsaye a bakin wurin rabo da kuɗi a hannu yana ƙara masa 'yan dubbai a kan abin da ya biya. Wani kuma takin ne ya makara, ya zo masara ta riga ta yi goyo, me zai yi da shi? Ita masara ba ta san an yi jinkirin sa hannu a fayil ba. Tana son kamfa makonni biyu bayan shuka, yuriya kuma wajen mako na shida. In lokacin ya wuce ya wuce. Abin takaicin shi ne zagayen da buhun yake yi. Dillali ya saye shi da arha daga hannun wanda aka ba, ya kai shago, sannan ya ba manomin da ba a rubuta ba bashi, a kan in kaka ta yi zai biya da buhun masara ko fiye. Ya kwashe masarar lokacin da take arha, ya ɓoye, ya fito da ita a bazara. Kuɗin gwamnati ne ya sauko da farashin buhun, amma ribar rangwamen a aljihun dillali ta kwana.

Na san abin da za a ce. Tun kafin in gama rubutun nan wani babba ya kira ni ya ce, "Kai yaro, wankin gida ba a shanya shi a titi. 'Yan adawa za su ɗauka." Ranka ya daɗe, da girmamawa nake faɗa, 'yan adawa ba su buƙatar rubutuna. Duk wanda ya tsaya a layi tun safe ya koma gida da igiyar ɗaure buhu a hannu, ya ga yaron da bai da gona ya wuce da buhu a bayan babur, ya riga ya karanta abin da ya fi wannan. Kuma bai mantawa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, a jihar Buhari, ɗan takararmu bai zo na ɗaya ba. Tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu bakwai ba. Wannan adadin, rumfuna nawa ne? Ga 2027 nan tafe. Mu ne za a tura ƙauyukan nan da fastoci, mu za mu kalli idon waɗannan dattawan.

Wasu matasan kuma za su ce, "Mu da muka sha rana muka tsare akwati, shi ke nan ba za mu ci komai ba?" Haƙƙinku ne ku nema, ni ma zan tsaya muku. A nema muku aiki, a nema muku jari, a sa ku a horon sana'a, a biya wa mai karatu kuɗin makaranta. Wanda ke noma a cikinku, kuma da yawa suna yi, a rubuta shi a matsayinsa na manomi kamar kowa. Amma taki ba kuɗin sallama ba ne. Ribar da yaro zai samu in ya sayar da buhu ɗaya ba ta wuce cefanen kwana biyu ba. Wannan buhun a gonar mai iyali abincin watanni ne.

Abin da muke nema ba ya buƙatar sabon kasafi ko kwamiti daga Abuja. A liƙa takardar sunayen kowace rumfa a bangon firamare ko ƙofar masallacin Juma'a aƙalla mako ɗaya kafin rabo, a karanta ta da babbar murya bayan an idar da salla saboda waɗanda ba su karatun boko. A ƙauye ba a ɓoye manomi. Da an kira sunan tela jama'a za su yi dariya, ita wannan dariyar ta fi kowane jami'in bincike aiki. Malaman gonan nan da aka ɗauka, a bar su su yi aikinsu: kar takarda ta wuce sai malamin gona da mai unguwa da liman sun sa hannu cewa sun san gonar kowane suna. In sun yi ƙarya, an san wanda za a kama. Sannan ƙaramar hukuma ta faɗi a rediyo da Facebook buhu nawa ta karɓa, buhu nawa ta ba kowace mazaɓa, a kan nawa, a wace rana.

Na 'yan gudun hijira kuma, a buɗe musu rajista daban a inda suke noma yanzu, dagacinsu ko mai unguwarsu da suka taso tare ya shaide su, kason rumfunansu ya biyo su. Wannan ma ba sai an je Katsina ba, shugabannin ƙananan hukumomin da aka zaɓa a Fabrairun 2025 za su iya yinsa a zama ɗaya in sun so.

Ni dai na sanar da shugabannin mazaɓata, bana ba na son gurbi, ko ɗaya. Yaran nan biyu na kira su na gaya musu dalili. Ɗaya ya fahimta, ɗayan har yanzu ba ya ɗaga wayata. Ina roƙon takwarorina shugabannin matasa na Ketare da Pauwa da Kukasheka da Burdugau, da na Mairuwa da Sheme da Yankara, da na Sabuwa baki ɗaya, duk wanda zai iya ya yi hakan, ya kuma faɗa a fili don a riƙe shi da maganarsa. Ranar da aka fitar da takardar rumfarka, ka je da kanka ka karanta, ka ƙirga manoma nawa, mata nawa, 'yan hijira nawa, ka turo mana adadin a wannan shafin. Adadi kawai muke so, ba sunan kowa ba, ba tozarta mutum muka fito yi ba.

Shekaranjiya na je zauren da Baba yake don in karɓi katinsa in kai wa malamin gonar mazaɓarmu. Na tarar ya riga ya karɓi buhu ɗaya bashi a wurin wani mai shago, zai biya da masara in Allah Ya kai mu kaka. Ya ce ba zai iya jiran abin da bai da tabbas ba, ruwa ba ya jira. Duk da haka ya shiga ciki ya ɗauko katin a cikin leda ya ba ni, ya ce in an dace da na biyun zai sa wa dawar.